Labarin Zuciya a Tambayi Fuska? Hira Kan Karatun Hoto

(Taken shiri, sannan a sassauta shi)

Yau a kan hoto za mu yi hira. Na san wani zai ce ina ruwan rediyo da hoto, tunda babu abin da za a gani. Haka ne, amma ni riba na ɗauki wannan, domin yau dole a ji labari kafin a gani, alhali a waya kullum ido ke riga kunne. Hotunan da zan ambata duk sanannu ne, wanda wayarsa ke hawa intanet zai iya nemo su bayan mun tashi.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ba ni da ja da magabata idan mutumin yana gabanka, kana jin muryarsa, kana ganin fuskar na sauyawa, ka kuma san halin da ya kwana ciki. Amma fuskar da kyamara ta tsayar cikin ƙiftawar ido, aka wanke a kati ko aka turo a waya, idan ka tambaye ta labarin zuciya, sau da yawa abin da ke cikin taka zuciyar za ta maido maka.

Mu fara da mai daɗi. A Bamako, babban birnin Mali, an yi wani mai hoto, Malick Sidibé, wanda ya rasu a 2016. Bayan Mali ta sami 'yanci a 1960, aikinsa shi ne bin wuraren rawa da shagalin samari da dare, ya ɗauka, ya koma ya wanke, daga baya samari su zo shagonsa kowa ya zaɓi nasa ya biya. Cikin hotunansa akwai wanda ya fi duka suna, na shekarar 1963. Saurayi ne da budurwa suna rawa a wani fili. Shi yana sanye da kwat mai haske, ita da 'yar riga ta zamanin, ƙafarta babu takalmi. Sun sunkuyar da kai har goshinsu na neman haɗuwa, suna kallon ƙasa, kowa da ɗan murmushinsa. Duk wanda ya gani cewa yake yi masoya ne. To ashe wa ne da ƙanwarsa, yana koya mata taku. Ku lura, ido bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Akwai ƙauna a hoton, akwai sabo, akwai sakin jiki. Inda aka zame shi ne wace irin ƙauna ce, kuma wannan ba ya cikin kati, mai kallo ne ya zo da shi.

Masana sun gwada wannan a ɗakin bincike. A 2012 wani masanin halayyar ɗan Adam, Hillel Aviezer, da abokan aikinsa biyu suka wallafa wani gwaji a mujallar Science. Sun tara hotunan manyan 'yan wasan tanis a daidai lokacin da ɗan wasa ya ci maki mai muhimmanci, da daidai lokacin da ya rasa shi. Wasu mutane aka nuna musu fuska kaɗai, wasu jiki babu fuska, wasu kuma hoton duka. Waɗanda suka ga fuska kaɗai sun kasa bambance mai murna da mai baƙin ciki, domin idan abu ya kai matuƙa, baki a buɗe yake, ido a matse, ko daɗi ne ko zafi. Waɗanda suka ga jiki kuwa sun gane. Har suka ɗora fuskar wanda ya rasa a kan jikin wanda ya ci, masu kallo suka bi jiki. Wani abin dariya shi ne, da yawa daga waɗanda suka ga hoton duka sun yi imani cewa a fuska suka karanta amsar. Saboda haka, mai sauraro, idan hoto ya zo hannunka, kafin ka zauna a kan ido da baki, dubi kafaɗa, dubi hannu, dubi yadda ƙafa ta tsaya, dubi kuma wanda ke gefe da inda shi yake kallo.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu mu je Sudan, inda nake so mu ɗan daɗe.

A farkon 1993 yaƙin basasa da yunwa suka haɗu a kudancin ƙasar, yankin da ya zama Sudan ta Kudu a 2011. A watan Maris wani jirgin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kai abinci ya sauka a garin Ayod. Cikin waɗanda ya kawo akwai masu ɗaukar hoto biyu daga Afirka ta Kudu, Kevin Carter da abokinsa João Silva. Carter ya ɗan kewaya, sai ya ci karo da wani ƙaramin yaro tsirara, ya durƙushe, goshinsa a ƙasa, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, da farin abin wuya a wuyansa. Yana nan sai ungulu ta sauka a bayan yaron. Carter da bakinsa ya ce ya jira kamar minti 20 ko ungulun za ta buɗe fukafukanta. Ba ta buɗe ba. Ya ɗauki hoton, ya kore ta, ya koma gindin wata bishiya ya zauna yana kuka.

Jaridar New York Times ta buga hoton ranar 26 ga Maris 1993, aka rubuta a ƙarƙashinsa cewa yarinya ce. Nan da nan masu karatu suka dami jaridar da tambaya ɗaya: me ya sami yarinyar? Sai da jaridar ta fitar da bayani na musamman, ta ce mai hoton ya shaida cewa yarinyar ta samu ta miƙe ta ci gaba da tafiya bayan an kori ungulun. Wannan bai kwantar da hankalin mutane ba. Aka juyo kan Carter. Wata jarida a Amurka ta ce shi ma ungulu ne, na biyu a wurin. A watan Afrilun 1994 aka ba shi lambar yabo ta Pulitzer, wadda ita ce mafi girma a aikin jarida a Amurka. A watan Yulin wannan shekarar ya kashe kansa yana da shekara 33.

Har yau ana yawo da wannan labari a waya, a gajarce: ya bar yarinya ungulu ta cinye, ya ci kyauta, nadama ta kashe shi. Labari ne mai kai da gindi, shi ya sa yake tafiya. To bari mu duba abin da bai shiga hoton ba.

Da farko, wurin ba dokar daji ba ne. Kusa da shi akwai cibiyar ciyar da masu yunwa, akwai mutane, kuma Silva ya ba da labarin cewa manya sun bar yara na ɗan lokaci ne sun tafi karɓar abinci wajen jirgi. Sannan akwai aikin kyamara. Gilashin da ke janyo nesa kusa yana matse tazara, abu biyu masu nisa da juna sai su fito kamar suna daf. Sai maganar ungulun kanta. Mu nan muna cewa ungulu ba ta jewar banza, kuma da wannan tunanin kowa ya kalli hoton. Amma dattawanmu da suka san mahautar kasuwa a da, lokacin da ungulu ke da yawa, sun san tsuntsuwa ce da ke zama duk inda mutane suka taru suna zubar da shara. Saukarta a bayan yaro ba hukunci ba ne cewa ajalinsa ya zo.

A 2011 jaridar El Mundo ta Sifaniya ta tura wakili Ayod. Abin da ya taimaka wajen binciken yana cikin hoton tun ranar farko, ba a dai kula da shi ba: wani ɗan warwaro na roba a hannun yaron, irin wanda cibiyar ciyarwa ke ɗaura wa waɗanda ta riga ta yi wa rajista. Ma'ana yaron yana cikin lissafin masu ba da agaji. Wakilin ya gano mahaifinsa. Ya tabbata namiji ne, ya tsira daga wannan yunwa, ya girma, zazzaɓi ne ya yi ajalinsa wajen 2007, kamar yadda mahaifin ya faɗa. Shekara 18 duniya na makokin yarinyar da babu ita.

Shi kuma Carter, nauyin da ke kansa ya wuce hoto ɗaya. Shekaru ya yi yana ɗaukar kashe-kashen unguwannin baƙar fata a ƙarshen mulkin wariyar launin fata. Amininsa Ken Oosterbroek, shi ma mai hoto, an harbe shi a bakin aiki a Thokoza a watan Afrilun 1994, kwanaki kaɗan bayan sanar da kyautar. Ga bashi, ga shaye-shaye da ya kama shi. Takardar da ya bari ta ambaci rashin kuɗi, ta ambaci gawawwaki da yara masu yunwa da ke dawo masa a rai, ta ambaci abokin nasa. Wanda ya ce hoto ɗaya ne ya kashe shi, ya yi wa rayuwar mutumin abin da aka yi wa yaron, ya yanke gefe da gefe ya bar abin da ya fi tsuma rai.

Kada a ji ni ba daidai ba. Hoton ba ƙarya ba ne. Yunwar gaskiya ce, haƙarƙarin nan gaskiya ne, kuma mutanen da ba su taɓa jin sunan Ayod ba ta dalilinsa suka san ana mutuwa a can. Haka kuma, idan kun tambaye ni, minti 20 ɗin nan na jiran fukafukai ba su taɓa kwanta mini a rai ba, kuma ba na jin akwai bayanin da zai kwantar da su. Abin da nake cewa shi ne, hoto leƙe ne ta kafar zana. Ka hango mace ta ɗaga taɓarya sama, ba ka ga turmi ba, ba ka ga akuya ba, sai ka tafi kana cewa ta tashi dukan wani.

(Gajeren kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, hira muke yi a kan yadda ake karanta hoto. Daga Sudan sai Amurka, shekarar 1936, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya karye, fari da guguwar ƙura suka kori manoma daga gonakinsu. Gwamnati ta ɗauki masu hoto su zagaya su nuna halin da talakawa ke ciki. Ɗaya daga cikinsu mace ce, Dorothea Lange. A watan Maris ta tsaya a wani sansanin 'yan ƙwadago a Nipomo, jihar Kalifoniya, inda sanyi ya lalata wani irin wake da suka zo tsinka, aiki ya tsaya. A ƙarƙashin wani ɗan tanti ta ga wata mata da 'ya'yanta. Cikin kamar minti 10 ta yi 'yan hotuna ta wuce.

Wanda ya yi suna a ciki, matar ta yi tagumi, goshinta a tattare, tana kallon nesa. Yara biyu sun jingina da kafaɗunta sun juya wa kyamara baya, jariri na barci a cinyarta. Mu da muke hana yaro tagumi, ba sai an fassara mana wannan zama ba. Hoton ya fita a jarida, gwamnati ta aika da abinci kimanin tan 9 zuwa sansanin. Kafin ya iso, matar da iyalinta sun riga sun yi gaba.

Lange ba ta tambayi sunanta ba. Sama da shekara 40 fuskar na yawo a littattafai da jaridu babu suna, sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ta. Sunanta Florence Owens Thompson, shekararta 32 lokacin da aka ɗauki hoton, da 'ya'ya 7. Jama'a sun daɗe suna ɗaukar ta a matsayin uwar talakawan Turawa, alhali jinin ƙabilar Cherokee ce, wato mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Lange ta rubuta cewa matar ta sayar da tayoyin motarsu don sayen abinci. Iyalin suka ce ba a yi haka ba, motar lalacewa ta yi, maigidan da yara maza sun tafi gari gyaran lagireto, ita kuma tana jiran su. Har babban yatsanta da ya fito a kusurwar hoton yana riƙe da sandar tanti, an dusashe shi daga baya don kada ya ɓata tsari. Da aka same ta, ta ce da ma ba a ɗauka ba, ko kwabo ba ta samu ba.

Wannan ya kawo ni gida. Duk azumi, duk lokacin rabon tallafi, sai ka ga an jera bayin Allah, an ɗora wa kowa buhu ko an miƙa masa ambulan, mai kyauta na dariya, kyamara na aiki. A ƙarƙashi a rubuta cewa ga su cike da farin ciki da godiya. Dubi hoton da kyau. Dattijuwar nan da ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kawar da kai gefe, wa ya tambaye ta? Tana iya yiwuwa godiya ce. Tana iya yiwuwa kuma tunani take yi surukanta za su gan ta a Facebook. Wanda ya riƙe kyamara da wanda ya yi rubutun ƙasa su ne suka yi magana da bakinta. Duk hoton da ka gani na mai ƙarfi da mara ƙarfi, tambayi kanka wa ya kira mai hoton, wa ya biya shi.

Amma ba kullum ake yi wa mutum labari ba, wani lokaci shi ke shirya nasa. Mu koma Bamako. Kafin Sidibé akwai Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a 1948. Labulen bayansa na farko zanen gadonsa ne. A shagon ya ajiye kayan aro: rediyo, agogo, alƙalami, tabarau, kwat da lakataya, babur ƙirar Vespa, har motarsa ana jingina da ita. Sai ka ga saurayi ya dafa rediyo kamar nasa, ko mace ta kishingiɗa ta baza zane ana ganin awarwaro da zobba. Wanda bai sani ba zai ce masu kuɗin Bamako ne. Da yawansu abin da suke fatan zama suka ɗauka. A Gana ma Philip Kwame Apagya ya yi suna da labulen da aka zana wa firji cike da abinci, ko talabijin, ko matakalar jirgin sama, mutum ya tsaya a gaba kamar zai hau.

Mu ma mun san wannan. Ɗan ci-rani a Legas ko Kurmi ya ari agogo, ya sami motar wani a bakin titi ya dafa, a ɗauka, ya aiko gida. Ni ba na kiran wannan ƙarya. Wasiƙa ce ga mahaifiya, cewa ina lafiya, kada ki damu. Mai karatun hoto na ƙwarai zai ga motar, zai kuma ga takalmin da ya sha tafiya, ya fahimci duka biyun.

Haka tsofaffin hotunan da ke cikin akwatunan iyayenmu. Yaran yanzu sukan ɗauko su ce, kai, mutanen da ba sa dariya ne? Ga Baba ya ƙame a kujera, hannu biyu a gwiwa, ga Inna a tsaye ta kawar da ido. Ba baƙin ciki ba ne. Hoto a lokacin abu ne na kuɗi, ana yin sa da Sallah ko biki ko za a yi tafiya, kati ɗaya ne, babu gogewa a sake. Mutum kuma yana so jikokinsa su gan shi da kamun kai, ba yana washe baki ba. Matar da ta ƙi kallon kyamara, mai hoton baƙon namiji ne, ga kuma surukai a tsakar gida.

Ko ku ɗauki hoton amarya ranar kai ta. Ido ya kumbura, an lulluɓe ta, ƙawaye sun riƙe ta. Ba wa baƙon da bai san mu ba wannan kati, zai rantse auren dole ne. Mu kuwa mun san amaryar da ta shekara tana jiran wannan rana ma tana kuka, don rabuwa da gida, don nasihar da iyaye suka gama yi mata, don kuma idan ba ta yi ba gobe a yi da ita. Amma a nan ma sai an yi hattara ta ɗaya gefen, domin akwai wadda kukanta na gaske ne, kuma a kati su biyun kamarsu ɗaya. Sanin al'ada yana hana ka kuskuren baƙo, ba ya ba ka labarin wannan yarinya ita kanta. Sai ka tambayi wanda ya je bikin. Hoton sarki kuwa ya ma raba gardama, amawali ya rufe baki, ba ka da abin karantawa sai zaman rawani, da dogarai, da wanda aka bari ya tsaya kusa da wanda aka tura baya.

(Gajeren kiɗa)

Saura ɓangaren da ya fi haɗari, wato hoton da aka cire daga garinsu aka ba shi sabon labari.

A watan Yulin 2010 wata tankar mai ta kife a garin Sange da ke gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ta kama da wuta, mutum sama da 200 suka mutu. An ɗauki hotunan gawawwakin da suka ƙone an jera su a ƙasa. Waɗannan hotuna sun yi shekaru suna yawo a intanet da rubutu iri-iri, ciki har da cewa wai mutanen da aka ƙona ne a rikicin addini a Najeriya. Gawawwakin gaskiya ne, tashin hankalin da mai kallo ke ji gaskiya ne, layi ɗaya na rubutu ne kawai aka sauya, kuma shi ne ke nuna wa mutum wanda zai tsana.

A watan Yunin 2018 an yi mummunan rikici a yankin Gashish na ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato, an rasa rayuka da yawa. A cikin sa'o'in nan hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook. Binciken da BBC ta fitar a ƙarshen wannan shekarar ya nuna cewa hoton wani jariri da aka yi ta yaɗawa ya riga ya fito watanni kafin rikicin, wani bidiyo kuma daga Kwango Barazabil yake, tun 2012. Washegarin rikicin aka tare hanya, aka fito da matafiya daga motoci aka kashe, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan sun ƙara rura wutar. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na gaba.

Yanzu kuma an zo zamanin da kwamfuta ke ƙera hoton abin da bai taɓa faruwa ba. A watan Maris na 2023 hoton Paparoma Francis sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi ya zagaya duniya, mutane da yawa suka yarda, alhali da manhajar Midjourney aka yi shi. Wannan abin dariya ne. Wanda za a ƙera a kan rikicin garinku ba zai zama abin dariya ba.

To me za ka yi idan hoto ya faɗo wayarka ya sa jininka ya hau? Wannan hawan jinin shi ne alamar farko cewa a dakata, domin mai son ya yi amfani da kai hoton da zai hana ka tunani yake zaɓa. Rufe rubutun da ɗan yatsa, ka kalli hoton shi kaɗai, ka faɗa wa kanka abin da ido ya gani kawai: mutum nawa, me suka saka, ina suke tsaye. Za ka yi mamakin yadda abin da ka gani bai kai rabin abin da aka ce ka gani ba. Sannan ka bi gefe-gefe. Lambar mota irin tamu ce? Allon shago da wane harshe aka rubuta shi? Kakin ɗan sandan na wace ƙasa ne? An ce jiya aka ɗauka a Katsina, muna tsakiyar bazara, amma ga ciyawa kore shar har gwiwa, to daga ina?

Mai babbar waya yana da ƙarin hanya. Ajiye hoton, ka buɗe Google Lens, ka saka shi, zai nuno maka wuraren da ya taɓa fitowa. Nemi mafi daɗewa. Idan hoton da aka ce na jiya ne ya bayyana a wata jarida shekara biyar da suka wuce, magana ta ƙare. A WhatsApp kuma, saƙon da ke ɗauke da alamar kibiya biyu yana nufin ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ka, wanda ya turo maka ma bai san mafarinsa ba. Wanda ba shi da data, ko wayarsa ƙarama ce, yana da tambaya da ba ta cin ko sisi: wa ya ɗauka, a ina, yaushe? Tura wa wanda ya aiko maka. Idan amsar ita ce "ni ma turo mini aka yi", bar shi a wayarka, kada ya wuce ta hannunka. Idan kuma dattijo ne ya saka a zauren dangi, ba sai ka kunyata shi a gaban jama'a ba. Bi shi ta gefe, ka gaishe shi, ka ce Baba, hoton nan na ga kamar tsoho ne, ga inda ya fara fitowa. Yawanci da kansa zai goge.

Agogo ya nuna lokacinmu ya cika. A madadin waɗanda suka haɗa mana sauti, sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa. Assalamu alaikum.

(Taken rufewa)